Birane Huɗu na Andalus

Matafiyin da ya sauka Madrid da niyyar zaga tsofaffin biranen Andalus, in ya bi su daga arewa zuwa kudu, da Ɗulaiɗila zai fara, ya gangara Ƙurɗuba, ya bi kogi zuwa Ishbiliya, sannan ya juya gabas ya hau tudu zuwa Garnaɗa. A taswirar yau sunayensu Toledo, Kordoba, Sebiya da Giranada. A wannan jerin ne kuma suka kuɓuce wa Musulmi: 1085, 1236, 1248, 1492. Wanda ya bi hanyar a tsanake, ya ba kowane gari kwanakinsa, zai ga tarihin shekara kusan ɗari takwas yana warwarewa a gabansa bi da bi.

Da yawa daga cikinmu labari ɗaya muka riƙe game da ƙasar nan: Musulmi suka gina, Kiristoci suka zo suka rushe. Akwai gaskiya a ciki, mai ɗaci ma kuwa, kuma za mu zo kanta. Amma gine-ginen da ke tsaye sun fi wannan labari faɗi. Wanda ya ɗaura niyya ya yi wannan doguwar tafiya ya kamata ya san wa ya gina me, wa ya ƙone me.

Ɗulaiɗila a kan dutse take. Kogin Tajo ya naɗe ta ta ɓangare uku, ɓangaren da ya saura aka tare shi da ganuwa. Nan ne gadon sarautar Bisigot lokacin da Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetaro mashigin teku a 711, kuma da ya karya rundunar Sarki Rodrigo bai ɓata lokaci ba ya nufo ta. Lungunanta matsattsu ne, hawa da gangara, abin da ya rage na zamanin Musulmi kuwa ba shi da yawa. Mafi kyawunsa wani ɗan masallacin unguwa ne kusa da ƙofar Babul Mardum, wanda rubutun da aka tsara da tubali a goshinsa ya nuna an gama shi a 999. Tsawonsa da faɗinsa ba su kai mita goma ba. Ginshiƙai huɗu a tsakiya sun raba rufin gida tara, kowane gida da tulluwarsa, kowace tulluwa da irin nata ɗaurin. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga ɗaurin gugan Babban Gwani, idonsa ba zai yi baƙunta a nan ba.

A ƙarni na 11 garin yana hannun Sarki Ma'amun na gidan Zun-Nun. Shi ya sa aka yi masa lambu a bakin kogi, likita Ibn Wafid yana kula da shi, Ibn Bassal yana gwada iri da taki da ban-ruwa yana rubutawa, Zarƙali kuma yana auna tafiyar taurari. A fadar Ma'amun ɗin nan ne Alfonso, sarkin Leyon, ya sami mafaka a 1072 da ɗan'uwansa ya tumɓuke shi. Bayan shekara goma sha uku, shi ne ya karɓe garin daga hannun jikan mai masaukinsa. Ya yi alkawarin barin babban masallaci a hannun Musulmi, ba a daɗe ba aka karya alkawarin. Littattafai dai an bar su, kuma a ƙarni na 12 masu neman ilmi daga Turai suka yi ta zuwa suna juya su zuwa Latin. Jerad mutumin Kiremona, wanda ya rasu a 1187, a nan ya fassara Ƙanun na Ibn Sina, littafin da jami'o'in Turai suka shekara ɗaruruwa suna koyar da likitanci da shi.

Ƙurɗuba ce uwa, kuma nan ya kamata matafiyi ya sauke kayansa ya daɗe.

Abdurrahman ɗan Mu'awiya saurayi ne na gidan Umayya da ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a 750. Ya ratsa arewacin Afirka, ya fake wurin dangin mahaifiyarsa Barbarawa, ya ƙetara teku a 755, ya hau mulkin Ƙurɗuba a 756. Sai da ya kusa barin duniya, wajen 785, ya aza harsashin babban masallaci. Maginansa sun tarar da tsofaffin ginshiƙan Rumawa da na Bisigot birjik, sai dai gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba. Dabarar da suka yi ita ce ɗora baka a kan baka: na ƙasa ya riƙe ginshiƙai kada su karkace, na sama ya ɗauki rufi, suna jera jan tubali da farin dutse bi da bi. Duk wanda ya faɗaɗa masallacin bayansu, Abdurrahman na Biyu, Hakam na Biyu, da Mansur a ƙarshen ƙarni na 10, wannan tsarin ya bi. Ginshiƙan da suka rage yau sun haura 850. Ta harabar itatuwan lemu ake shiga, inda a da ake alwala, kuma hasumiyar da Abdurrahman na Uku ya gina tana nan a ɓoye cikin hasumiyar ƙararrawa da aka lulluɓe ta da ita.

Mihrabin Hakam na Biyu, wanda ya hau mulki a 961, shi ke tsayar da kowa. An shafe goshinsa da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi, an tsara ayoyin Alƙur'ani da su. Sarkin Ƙusɗanɗiniya, Kirista, shi ya aiko da gilashin tare da gwanin da ya koya wa maginan Ƙurɗuba aikin.

Almajirin da ke zaune a zauren malami a Kano ko Katsina ko Damagaram ya fi kusa da garin nan fiye da yadda yake zato. Muwaɗɗar da yake karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848, kuma ta hannun irinsu mazhabar Maliku ta kafu a ƙasar. Alfazazi mai Ishiriniya a nan aka haife shi. Mai Tafsirin Ƙurɗubi a nan ya tashi, ya bar ƙasar a zamanin faɗuwarta, ya rasu a Masar a 1273. Ibn Rushdi mai Bidayatul Mujtahid ya yi alƙalanci a nan.

Sarkin Kastila Fernando na Uku ya ci garin a 1236, aka mayar da masallacin coci, amma kusan shekara ɗari uku ba a taɓa tsarinsa sosai ba. Sai a 1523 shugabannin coci suka nemi su fasa tsakiyarsa su gina majami'a mai tsawo. Majalisar gari ta ƙi, Sarki Karlos na Biyar ya ba da izini. An ruwaito cewa da ya zo ya gani da idonsa ya yi da-na-sani, ya ce sun ɓata abin da babu irinsa don su gina abin da ke ko'ina. Musulmin da ya shiga yau zai ji ciwo sau biyu: ganin ginin da aka dasa a tsakiyar sahu, da sanin cewa masu gadi ba za su bar shi ya yi ko raka'a biyu ba. Duk da haka adalci ne a faɗa cewa manyan masallatan Ɗulaiɗila da Ishbiliya da Garnaɗa rushe su aka yi, wannan kuwa mutanen garin suka riƙe shi, suna gyara rufinsa ƙarni bayan ƙarni.

Kimanin kilomita takwas yamma da gari, a gindin duwatsu, akwai kangon Madinatuz Zahra. Masu sauri sukan tsallake shi, kuma a ganina sun tsallake rabin labari. Abdurrahman na Uku ya ɗauki laƙabin halifa a 929, ya fara buga dinarin zinariya, zinariyar da mafi yawanta ayari ke ƙetarowa da ita Sahara daga ƙasashen baƙar fata ta Sijilmasa. Wajen 936 ya fara gina sabon birni hawa-hawa a jikin tudu, fada a sama, lambuna a tsakiya, gidajen jama'a a ƙasa, a fili mai faɗin kadada 112. Marubuta sun ba da labarin kwarmin zaiba a tsakiyar wani zaure, wanda in aka motsa shi haske ya riƙa walƙiya a bango har baƙo ya firgita. Jakadan Sarki Otto na Jamus sai da ya yi kusan shekara uku yana jira kafin a shigar da shi gaban halifa.

Birnin bai cika shekara tamanin ba. Bayan rasuwar Hakam, waziri Mansur ya killace yaron halifa Hisham a cikin gida, ya riƙe mulki da sunansa, ya cika runduna da sojan haya. Shi ne ya kai hari Santiyago a 997 ya sa fursunoni suka ɗauko ƙararrawar cocinta a kafaɗa har Ƙurɗuba, shi ne kuma ya sa aka tsame littattafan falsafa daga ɗakin karatun Hakam aka ƙone don ya faranta wa wasu malamai. Ya rasu a 1002. Ɗansa na biyu ya tilasta wa Hisham ya naɗa shi magajin halifanci, gari ya yi bore a 1009, yaƙin basasa ya ɓarke. Rundunonin Musulmi ne suka washe Zahra suka cinna mata wuta, Musulmi ne suka washe Ƙurɗuba a 1013. A 1031 manyan gari suka soke halifancin, ƙasa ta tsage gida-gida, kowane gwamna ya zama sarki. An yi ta kwasar duwatsun Zahra ana gini da su a wasu garuruwa, har aka manta sunanta. Mutanen baya sun ɗauka kufan Rumawa ne. Sai a 1911 aka fara tono ta.

Daga nan hanya tana bin kogin Wadil Kabir. A hannun dama, in aka nufi yamma, ana hango ganuwar Almodobar a kan wani tsauni, tana tsaron kogin tun zamanin sarakunan Ƙurɗuba. Wanda ke da zaɓi ya zo a watan Afrilu, lokacin da lemu ke fure. A Yuli da Agusta zafin kwarin nan yakan haura maki 40.

Ishbiliya ce ta fi ƙarfi cikin ƙananan masarautun nan, kuma sarkinta Mu'utamid ɗan Abbad mawaƙi ne na gaske. Da Ɗulaiɗila ta faɗi, shi da takwarorinsa suka aika wa Yusufu ɗan Tashfin, shugaban Murabiɗun, mutanen Sahara masu rufe fuska da rawani. An gargaɗe shi cewa baƙon zai iya zama mai gida. An ruwaito ya ce gara ya yi kiwon raƙuma a Maroko da ya yi kiwon aladu a Kastila. Yusufu ya zo ya karya Alfonso a Zallaƙa a 1086, ya ga yadda sarakunan suke biyan Kiristoci haraji suna cin dunduniyar juna, ya nemi fatawar malamai, ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya. Mu'utamid ya rasu a tsare a Agmat, kusa da Marrakush, a 1095.

Muwahhidun da suka gaji Murabiɗun su suka mayar da Ishbiliya hedikwatarsu ta wannan ƙetare. Sun fara babban masallaci a 1172, suka gama hasumiyarsa a 1198, ƙanwar Kutubiyya ta Marrakush. Ba matakala a cikinta, gangare ne ke zagayawa har sama, mai faɗin da dabba za ta iya hawa. Ita ake kira Hiralda yau. An ƙara mata ɗakin ƙararrawa a ƙarni na 16, masallacin kuma an rushe shi a ƙarni na 15 aka gina babbar majami'a a gurbinsa, sai harabar lemu aka bari. Wanda ya lura zai ga wasu kawunan ginshiƙan tagoginta daga gine-ginen Umayyawan Ƙurɗuba aka kwaso su. Muwahhidun sun sha kashi a yaƙin Uƙab a 1212, daga nan ba su ƙara miƙewa ba. Lokacin da Fernando ya yi wa Ishbiliya ƙawanya har ta miƙa wuya a 1248, cikin rundunarsa akwai mahayan da Ibnul Ahmar, sarkin Garnaɗa, ya aiko masa.

Daura da majami'ar akwai fadar Alkasar, inda baƙo yakan ruɗe. Zauruka masu zanen farar ƙasa, tayil mai taurari, rubutun Larabci a bango, tsakar gida mai doguwar magudanar ruwa da lemu a gefe: kowa zai rantse fadar sarkin Musulmi ce. Sarkin Kastila Pedro ne ya gina wannan sashe a 1364, da maginan Ishbiliya da Ɗulaiɗila da waɗanda amininsa Muhammadu na Biyar ya turo daga Garnaɗa. A goshin ƙofar, tare da sunan Pedro da aka rubuta da baƙaƙen boko, an jera taken sarakunan Garnaɗa da Larabci, cewa babu mai rinjaye sai Allah. A wannan lokacin ne Ibn Khaldun ya zo garin a matsayin jakadan Garnaɗa. Pedro ya yi masa tayin mayar masa da kadarorin kakanninsa in zai zauna, ya ƙi.

Garnaɗa tana gindin duwatsu masu dusar ƙanƙara, kuma duk abin da ke cikinta daga wannan ruwan ya samo rai. Muhammadu Ibnul Ahmar ya shige ta wajen 1238. A 1246 ya je ya yi wa Fernando caffa, ya yarda da haraji duk shekara, ya sayi zaman lafiya da shi. Ana iya zarginsa, kuma an zarge shi, amma gidansa ya yi shekara fiye da 250 a kan mulki. Abin da ya fara yi a kan jan tudun da ke fuskantar gari, inda fadar Alhamra take, shi ne jawo ruwa: ya tare kogin Daro can sama, kimanin kilomita shida, ya haƙa magudana a jikin dutse ta biyo gangare har saman tudun. Ba don ita ba, da Alhamra ta tsaya a sansanin soja.

Fadojin da ake tururuwar gani yawancinsu aikin sarakuna biyu ne, Yusufu na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar, a ƙarni na 14. Yusufu ya gina zauren karɓar jakadu, wanda aka haɗa rufinsa da guntayen katako sama da dubu takwas a siffar sammai bakwai, aka rubuta Suratul Mulki a ƙarƙashinsa. Muhammadu ya gina tsakar gidan zakuna: siraran ginshiƙai 124, zakuna goma sha biyu ɗauke da kwarmi, magudanai huɗu suna shiga ɗakuna ta kusurwa huɗu. Abin da ya fi taɓa ni game da wurin nan shi ne kayan aikinsa. Ban da ginshiƙai da daɓe, yawancinsa farar ƙasa ce da katako da tayil. Sarakunan da ba su da dukiyar halifofin Ƙurɗuba sai suka zuba abin da suke da shi, wato gwanintar hannu da lissafi da waƙa. Baitocin waziri Ibn Zamrak suna jikin bango da bakin kwarmi. A cikin wannan kyau kuma jini bai daina zuba ba. An soke Yusufu yana sallar Idi a 1354. Ibnul Khaɗib, babban marubucin zamanin, an shaƙe shi a kurkukun Fas, da sa hannun almajirinsa Ibn Zamrak. Shi ma Ibn Zamrak daga baya aka kashe shi a gidansa.

A tsallaken kwari akwai Jannatul Arif, gidan gona na sarakuna. Ruwan magudanar nan ta tsakiyar harabarsa yake bi kafin ya isa fada, kuma akwai wata matakala da ruwa ke gangarowa ta cikin madafarta, mai hawa yana tafe hannunsa na cikin sanyi. Ya kamata baƙo ya san cewa ruwan da ke tsartuwa yana gicciye a harabar ƙari ne na baya-bayan nan, lambunan ƙasa kuma a ƙarni na 20 aka tsara su. Na asali gonaki ne na gaske, masu kayan miya da rumman da ɓaure, kuma har yau ana noma wasu daga cikinsu.

Ibn Baɗɗuɗa ya zo Garnaɗa wajen 1350. Bai ga Sarki Yusufu ba saboda ba shi da lafiya, mahaifiyar sarki ce ta aiko masa da dinarai. Bayan shekara biyu ya ƙetara Sahara, a Tumbuktu ya ga kabarin Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin Garnaɗa da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajji, sannan ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, alƙalin alƙalan Garnaɗa Ibn Asim ne ya wallafa ta, ya rasu a 1426.

Ƙarshen ma da rigimar gida ya zo. Sarki Abul Hasan, da ƙanensa Zagal, da ɗansa Abu Abdullahi suka yi ta yaƙar juna, sarakunan Kirista, wani Fernando daban da Isabela, suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Malaga ta faɗi a 1487 aka bautar da mutanenta. A ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi ya miƙa makullan Alhamra, bisa yarjejeniyar da ta tabbatar wa Musulmi masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu.

A nan ne labarin da muka riƙe ya zama gaskiya tsantsa. A watan Maris na shekarar aka ba Yahudawa zaɓi, baftisma ko hijira. A 1499 babban limamin coci Sisneros ya fara yi wa Musulmi baftisma ta dole, ya tara littattafan Larabci a dandalin Babur Ramla ya ƙone. A 1502 aka haramta Musulunci a Kastila. Mutane suka koma sallah a ɓoye, suna rubuta addininsu cikin harshen Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, kamar yadda malamanmu suka yi da ajami, suna ɓoye littattafan cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Da harajin da aka ɗora musu aka gina fadar Karlos na Biyar a cikin Alhamra, wadda aka fara a 1527 ta kuma zauna ba rufi har ƙarni na 20. Da aka hana su harshensu da tufafinsu suka yi bore a duwatsun Alfuhara a 1568, aka murƙushe su aka watsa su cikin ƙasa. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori kimanin mutum 300,000, mafi yawansu zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Alhamra ta shiga wulaƙanci bayan haka. Sojojin Faransa da suka zauna a cikinta sun tarwatsa wasu hasumiyoyinta da albarushi da za su fita a 1812. Talakawa da marasa gida suka tare a zaurukanta. Marubucin Amurka Washington Irving ya zauna tare da su a 1829, littafin da ya fitar a 1832 ya jawo baƙi daga ko'ina, gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1870. Masu gyaran farko sun yi mata ƙarin da suka ga dama, har da wata ƙubba mai tayil kala-kala a tsakar gidan zakuna, don ta dace da abin da Turawa ke zaton ginin Gabas. Leopoldo Torres Balbas, wanda ya riƙe aikin daga 1923, shi ya bi takardu da alamun bango ya cire ƙarin, ya tallafe abin da ke shirin faɗuwa. Ya sha suka a jaridu kan cire ƙubbar nan, kuma da yaƙin basasar Sifaniya ya tashi a 1936 aka raba shi da aikin. Yau fiye da mutum miliyan biyu ke shiga duk shekara, kowa da lokacin da aka rubuta masa a tikiti, kuma a watannin cunkoso wanda bai saya tun da makonni ba sai dai ya hange ta daga unguwar Albayyazin, inda Musulmin garin suka buɗe sabon masallaci a 2003.